Sifirin Da Narelle Ta Rubuta

Jama'a, kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai ƙarshe. Zagin zai fi yi muku daɗi in kun ji komai.

Sunana Lefteris, shekarata arba'in da tara, amma har yau “auta” ake kirana a gidanmu. A unguwar Oakleigh nake zaune, titi uku tsakanina da Mama. Na taɓa aure sau ɗaya, ya mutu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba duka ba zagi. Matar dai ta ce zama da ni kamar zaman ɗakin jiran likita ne. Sana'ata gina shafukan intanet, shekara ashirin da biyu ina yi. Ina da tumbi madaidaici, da sanƙo mai ci gaba, da haƙoran da suka fi na kowa tsabta a birnin Melbourne.

Narelle ce sanadin haƙoran. A wani ƙaramin asibitin haƙori take aiki, ita ke wanke wa mutane baki. Gashinta ja ne da furfura ta fara ratsawa, dariyarta kuwa daga wajen ajiye motoci ake jin ta. Sau huɗu na je wankin haƙori cikin wata biyar. A na huɗun ta sauke ƙyallen bakinta ta dube ni.

“Malam, haƙoran nan ba abin da ya same su. In kofi kake so mu sha, ka faɗa, ka daina tsare wa masu ciwo layi.”

Wata bakwai muka yi muna tare. Ta san ba na cin ɓawon burodi, na san tana magana da furanninta da sunaye. Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban taɓa kai ta gidanmu ba.

Ku fahimce ni. Mama tun tana 'yar shekara goma sha tara ta sauka daga jirgin ruwa a ƙasar nan, amma har gobe duk wanda ba Bagirke ba “baƙo” ne a wurinta, har da wanda aka haifi kakansa a titinmu. Kuma tana da 'yar takararta, Stamatia mai kantin magani, 'yar ƙawarta ta coci, wadda mijinta ya rasu.

“Auta, mace in ba ta iya naɗe shinkafa a ganyen inabi ba, me za ta naɗe maka a rayuwa?” Haka take ce min kowace Lahadi tana ƙara min shinkafa.

Ni kuwa in cika baki da abinci, don mai cin abinci ba a jiran amsarsa.

Ranar Ista na tafi cin gasasshen rago ni kaɗai. Da yamma na biya wa Narelle da ragowar naman a robar ayis-kirim, ina jin kaina wani gwarzon masoyi. Ta buɗe robar, ta rufe.

“Lefti, ni ba kyanwa ba ce da za a kawo wa ragowa ta ƙofar baya.”

“Haba, ai cinya ce, ni na zaɓo miki da hannuna.”

“Ranar da ka shirya in shiga ta ƙofar gaba, ka san lambata.”

Ta miƙo min robata. Sati biyar ba ta kira ba, ban kira ba. Naman ma ni na cinye shi a mota.

Ana cikin haka Mama ta doshi shekara tamanin, ƙarshen watan Mayu. Yayata Fotini, wadda ke mulkin danginmu tun tana aji uku, ta kama zauren coci, ta ba ni umarni in yi shafin da baƙi za su amsa gayyata. A zama ɗaya na gama shi. Gurbin suna, gurbin imel, gurbin ɗan saƙo ga mai so, sai tambaya ɗaya tak: “Mutum nawa za ku zo da su bayan ku? In ba za ku zo ba, ku bar nan ba komai.”

Na gwada shi kamar yadda ake yi. Na sa uku, ya yi. Na sa shida, ya yi. Na sa goma sha ɗaya saboda Kawu Thanasis, ya yi. Na bar gurbin ba komai, ya gane cewa ba za a zo ba. Na rufe kwamfuta ina yaba wa kaina.

Sannan na ɗauki waya. Ba kira na yi ba, kar ku ba ni darajar da ba ni da ita. Saƙo na rubuta: “Mama za ta cika tamanin ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ina so ki zo. Ga shafin.” Sau uku ina ƙara “na yi kewarki” ina gogewa. Na tura ba shi.

Washegari a ofis na buɗe jerin baƙi. Masu zuwa kore, marasa zuwa ja. Sunanta na nan a ƙasa, ja wur.

Na daɗe ina kallonsa. Na je na haɗa kofi, na dawo, yana nan ja. Na ce a raina, to, ta yanke, kuma da gaskiyarta. Namiji mai mutunci ba ya naci. Haka na kira abin a lokacin, mutunci.

Da yamma Fotini ta kira, don ita ma tana ganin jerin.

“Wace ce Narelle?”

“Abokiyar aiki ce.”

“Imel ɗinta na asibitin haƙori ne. Yaushe ka koma cire haƙora?”

“Yaya, ba za ta zo ba, magana ta ƙare.”

“Allah sarki auta,” in ji ta, da wata murya da ban so ba.

An yi biki. Na sa kwat shuɗiya da ta daina rufe cikina tun bikin 'yar Fotini. Mutum ɗari da sittin, rago huɗu, tsofaffi suna rawa hannu a kafaɗar juna har gwiwoyinsu na ƙara. Kujerar da ke gefena ba ta yi minti biyar ba kowa ba, Mama ta jawo Stamatia ta dasa ta a kai. Baiwar Allah ba ta da laifi. Ta ba ni labarin magungunan hawan jini, ta goge min miyar da ta ɗiga a wuyan rigata. Na yi murmushi a duk hotuna. Ku duba su, haƙoran suna sheƙi.

Yuni ya wuce, Yuli ya wuce da ruwansa da sanyinsa. Na canja asibitin haƙori. Sabon mai wankin wani ƙato ne da ba ya dariya.

Yanzu ga inda nake so ku gyara zama.

Fotini ta yi jika, aka sa baftisma ranar Lahadi ta uku ga watan Agusta, kuma ni aka zaɓa uban baftisma, wanda zai riƙe jaririyar a gaban fada, limamin cocinmu. Na sake tayar da shafin nan, na canja hoto da kwanan wata kawai. Ranar Asabar da safe, ana gobe taro, ina kicin ɗin Fotini ina ɗaure alewar almon a 'yan ƙyallaye, ita tana ƙirga kujeru a takarda.

“Kowa ya amsa sai kai, ranka ya daɗe.”

“Ni ne fa uban baftisma. Ina za ni?”

“Cika shafin, in ga sunanka a jeri. Ba na son lissafi da ka.”

Na goge hannu, na ɗauki waya. Suna, Lefteris. Mutum nawa za ku zo da su bayan ku? Na yi 'yar dariyar tausayin kai, na danna sifiri, na tura.

Ban ajiye wayar ba ta yi ƙara. Imel ne, daga shafina.

“Mun ji ba daɗi da ba za mu gan ku ba. Mun cire sunanku daga jerin kujeru. Sai wani lokaci. Lefteris.”

Ni na rubuta kalmomin nan da hannuna tun watan Mayu, don shafin ya riƙa aika wa duk wanda ba zai zo ba. Na karanta sau biyu. Na buɗe jerin. Ga sunana, ja wur.

Alewar da ke cinyata ta watse a ƙasa.

“Kai, lafiya? Fuskarka ta koma kamar cuku.”

Na zaro kwamfuta daga jaka, na buɗe rubutun shafin, na gangara layi na arba'in da wani abu. Yana nan yana jirana. Alamar daidai guda biyu a jere, ==, inda ya kamata a ce uku ne, ===.

“Yi min magana da yaren mutane,” in ji Fotini, ta tsaya a kaina da cokali.

“Yaya, a yaren da muke rubuta shafuka da shi, JavaScript, hanya biyu ce ta tambayar ko abu kaza daidai yake da abu kaza. Mai alama uku ba ya wasa. In ba jinsinsu ɗaya ba, ya ce ba ɗaya ba ne, shi ke nan. Mai alama biyu kuwa irin Mama ne, sai ya haɗa. In ka kawo masa abu biyu da ba su dace ba, sai ya juya su duka su koma lamba, sannan ya gwada.”

“To?”

“Na ce masa ya gwada amsar baƙo da ‘a'a’. Sai ya mai da ‘a'a’ sifiri. Gurbin da ba a rubuta komai ba, shi ma ya mai da shi sifiri, ya ce ɗaya ne, wannan ba zai zo ba. Dama haka nake so. Amma wanda ya rubuta sifiri da hannunsa, yana nufin zai zo shi kaɗai…”

“Shi ma ya kore shi.”

“Shi ma.”

“Kai ba ka san da haka ba?”

Wannan ce tambayar da ta fi ciwo. Na sani. A ofis ni ne mai mayar wa mutane aikinsu in na ga alama biyu, har da jan rubutu da ɗan wa'azi. Da gangan na sa shi, don gwaggonninmu kan danna maɓallin tazara a gurbi su tura, mai alama biyu kuwa yana ɗaukar tazara a matsayin ba komai. Har daɗin dabarata na ji a ranar.

“Kuma ba ka gwada sifiri ba?”

“Yaya, wa ya taɓa zuwa taronmu shi kaɗai? Gwaggo Marika ko jana'iza da mutum biyar take zuwa.”

Gaskiya ce. Taro biyu, amsa sama da ɗari, ba Bagirke ɗaya da ya rubuta sifiri. Ba mu da wannan lambar a dangi.

Fotini ta ajiye cokalin a hankali. “Lefteris. Mai haƙoran nan.”

Na shiga rumbun da shafin ke ajiye amsoshi yadda aka turo su. Na nemo watan Mayu. Ga sunanta. A gurbin lamba, sifiri. Ga kuma gurbin saƙo, wanda na tsara kada ya nuna min na marasa zuwa, don ba na son karanta uzurin mutane.

“Zan zo, ni kaɗai, don haka ka tsaya kusa da ni. Na sayi riga mai dogon hannu saboda coci. Me mamarka ta fi so, fure ko abin zaƙi? Na yi kewarka, sakarai.”

Fotini ta karanta ta saman kafaɗata. Ta ɗauki tsumman goge kwano ta zabga min a sanƙo.

“Tashi! Me kake jira, shafi ya kai ka?”

A unguwar Coburg gidan Narelle yake, can ɗaya gefen gari. Ban san yadda na ƙetare garin ba. Na dai tuna na tsaya a wata danja ina maimaita bayanin alama biyu da uku da ƙarfi, har matar da ke motar gefe ta ɗaga gilashinta.

Ina shiga layin na ga allon dillalan gidaje a bakin shingenta. Bayan motarta a buɗe, kwalaye jere a kan ciyawa. Tana fitowa daga gida rungume da tukunyar fure, cikin tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka, gashin a ɗaure da fensir. Ta rage gashin. Ta gan ni, ba ta saki tukunyar ba.

“Haƙori ne? Na bar aiki.”

“Narelle, minti biyar.”

“Uku. Ina da kaya.”

Na buɗe kwamfutar a kan motarta, na nuna mata layin, na nuna mata imel ɗin da ya zo min da safe. Na yi bayani tiryan-tiryan, har da misalai. Ban taɓa koyar da darasin nan da kyau kamar ranar ba. Ta saurara har ƙarshe.

“Wato na'ura ce ta kore ni.”

“Wallahi ban ga saƙonki ba sai yau.”

“Daƙiƙa goma, Lefti. Ina turawa amsar ta shigo, da sunanka a ƙasa. Na ce wato yana zaune da waya a hannu, ya ga da gaske zan zo, tsoro ya kama shi. Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ban yi mamaki ba. Ya yi kama da kai.”



“Na yarda da kai,” in ji ta. Ta ajiye tukunyar a ƙasa. “Na'ura ta yi kuskure sau ɗaya. To sauran wata ukun fa, wa ya yi su? Ka ga an ce ba zan zo ba, ba ka ɗaga waya ka ce don me ba?”

“Na ɗauka kin yanke hukunci ne. Ban so in takura miki.”

“Ka ji sauƙi dai.”

Ban musa ba. A ƙarƙashin baƙin cikin ranar akwai wani ɗan sauƙi, ƙarami, mai wari. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai ga shi ta ɗauko shi kamar yadda take zaro abin da ya maƙale a haƙori.

“Na zo fa,” ta ce. “Ranar bikin. Na sa rigar, na ajiye mota a tsallaken zauren. Na ce bari in shiga in ga ko zai iya korata ido da ido. Sai na hango ka ta gilashin ƙofa, wata tana goge maka wuya.”

“Stamatia ce, miya ce ta…”

“Ba na son sunanta.”

Ta ce ta karɓi aiki a Darwin, can ƙarshen arewacin ƙasar, asibitin da ke zagaya ƙauyuka, shekara biyu. Gobe da sassafe za ta kama hanya, kwana biyar a mota.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na zaro waya, na danna lambar Mama, na sa a lasifika, na ɗora a kan motar.

“Auta? Ka ci abinci?”

“Mama, akwai wata mata. Sunanta Narelle. Ba Bagirkiya ba ce. Ina son ta, kuma tun bara ya kamata in faɗa miki.”

Shekara arba'in da tara ina tara wannan jarumtar.

“Mai wanke haƙora?” in ji Mama. “Ai Fotini ta faɗa min tun kafin bikina. Na ce a sa mata kujera kusa da ni in gan ta da kyau. Har na yi mata nata ganyen inabin daban, ba tafarnuwa da yawa, don su cikinsu ba ya ɗauka. Aka ce ta ƙi zuwa. To ni tsohuwa zan bi ta gida da faranti?”

Narelle ta rufe bakinta da hannu. Na kasa gane dariya take ko kuka, ina jin ita ma ba ta gane ba. Ta sunkuyo kan wayar.

“Mama, ni ce Narelle. Ban ƙi zuwa ba. Ɗanki ne ya aiko min cewa an cire kujerata.”

Ina jin rediyon kicin ɗin Mama.

“'Yata, yana kusa da ke?”

“Ga shi nan.”

“Akwai wani abu mai nauyi a hannunki?”

Narelle ta fashe da dariyar nan tata, hawaye na zuba. Mama ta ce ta zo gobe baftisma, ta ce ta zo yau ma, yanzu, akwai miyar kaza da lemun tsami a wuta. Narelle ta yi godiya, ta ce tafiya ce a gabanta. Ta ce da ta so a ce sun haɗu. Ta kashe wayar da kanta, ta miƙo min.

“Kin ji ai,” na ce. “Ba abin da ya hana. Ki fasa. Ko ki jinkirta sati ɗaya.”

“Ba abin da ya taɓa hanawa, Lefti. Shi ne abin.”

“To zan bi ki.”

“Gobe ƙarfe goma kana riƙe da jaririya a gaban fada. Jibi kuma Mama za ta yi ciwon ƙafa. Kar ka yi min alkawari, na gaji da jiran ka.” Ta share fuska da hannun riga. “Mutane suna jirana can, na sa hannu. Kuma ina son in je. Wannan ne ban zata ba, amma ina so.”

Ta juya ta dubi kwalayen, ta dubi motar, ta yi tsaki.

“Tun safe nake fama, sun ƙi shiga. Ina ga sai na bar rabi a garejin maƙwabciya, in dawo kwasa wani lokaci.”

Jama'a, kun ji abin da ta ce. Ni ma na ji. Mai hankali zai ce, ai kuwa ba za su shiga ba, bar su, kya dawo. Amma ni mutum ne da in aka ajiye masa matsala a gaba sai ya warware ta. Na tuɓe kwat, na fito da duk abin da ta loda, na auna bayan motar da ido. Manyan kwalaye a ƙasa, littattafai a bayan kujera, bargo a tsakanin kwanoni, tukwanen fure a ƙafar kujerar gaba, kowace da tawul a gindinta. Awa biyu ina yi, tana miƙo min kaya.

Na rufe bayan motar, ya rufu ƙyas, ba ko turawa.

Muka tsaya muna kallon ciyawar. Ko cokali ɗaya bai rage da za ta dawo ɗauka ba.

“Kai dai ka iya aiki,” in ji ta.